Sabon Huji a Bel

A bencin mai gyaran takalma, wani direban motar lemo ya zauna riƙe da bel, wata tsohuwa a gefensa tana jiran silifas ɗinta.

"Ɗan nan, wannan bel ai na ƙaton mutum ne."

"Na ɗana ne, Mama, shekararsa sha biyar. Ya yi masa yawa, huji za a ƙara."

"Subhanallahi! Ciwo ya yi?"

"Ciwon muka tsere wa. Kullum na tashi aiki sai in kwaso masa gwangwanayen lemon da suka lotse, waɗanda ba a sayarwa. Ya ci biskit ya kora da biyar, shida. Ni a ganina gata nake masa. Sai da hawa benen makaranta ya gagare shi, likita ta ce yana dab da ciwon suga."

"Kai, likitoci! Yaro ya yi kumatu a ce cuta? Jikana ma haka yake, tubarkalla."

"Haka mahaifiyata ta ce, wata biyu ba ta amsa gaisuwata. Na daure. Lemo ya bar gidana, ruwa muke sha har ni. Jiya yaron nan ya riga ni hawa bene, ina haki yana dariya!"

Tsohuwar ta gyara zama. "Benen hawa nawa ne? Shi ma jikan nawa yakan tsaya ya huta a tsakiya."

Mai gyara ya miƙo hannu. "Huji nawa?"

"Biyu," in ji direban, bakinsa har kunne. "Na biyun na watan gobe ne."