Murar da ta kwantar da Baba Alhaji

Assalamu alaikum malam mai gabatarwa, da dukkan masu sauraro.

An sallamo yayan mahaifina, Baba Alhaji, daga asibiti. Yana gida a Daudawa, yana shan kunu da hannunsa.

Tun farko da mura ta kwantar da shi, sai magana ta bazu a kasuwar Yankara cewa murar aladu ce. Masu dubiya suka ɗauke ƙafa. 'Ya'yansa suka ce kai shi asibiti tamkar amsa wannan suna ne, ga shi limamin unguwa. Wai mura ce irin ta kowa, citta da kanumfari sun isa.

Matarsa, Hajiya Inna, ta ce musu: "Ku kuna ta suna, ni numfashinai nike saurare. Ku samo mota, ko in goya shi."

Da aka kai shi, likita ya ce ciwon ya riga ya sauka ƙirji. Ya kuma ce murar aladu daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa, ba ruwanta da abin da ka ci. A abin da na karanta, lokacin da ta ɓulla ta fi tsananta ga matasa. Ita kuwa murar da muke rainawa, kowace shekara tana ɗaukar tsofaffi. Ga mai shekarun Baba, kowacce tana kisa.

Ina alfahari da Hajiya, kuma ina gaishe ta. Don Allah ku gayyato likita ya ƙara mana bayani.

An aika majinar Baba gwaji. Har yanzu sakamakon bai dawo ba.