Baba Ribas da Ɗakin Bayan Asibiti

Mai girma Rabaran, dattawan ikilisiya, shugaban kwamitin asibiti da mutanensa, iyayenmu mata, sannan ke Mama, matar marigayi, da yaranki: salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku.

Ni ce babbar nas ta asibitin ikilisiyar nan. An ce in yi magana a kan direbanmu, an kuma ja mini kunne in taƙaita. Zan taƙaita, amma kun san ni, ban iya rufa-rufa ba. Muna zaune a nan muna yabonsa, alhali an riga an gaya wa matarsa ta kwashe kayanta daga ɗakin bayan asibiti kafin ƙarshen wata. Wai ɗakin na direba ne, direba kuwa ya mutu.

Ya kasance mutum ne da ba ya shigo da motar asibiti da gaba. Kullum da baya yake shigowa, hancinta na kallon ƙofa, komai gajiyarsa. Shi ya sa muke kiransa Baba Ribas. Na taɓa tsokanarsa, na ce, "Baba, sai ka ce ɓarawo mai shirin gudu." Ya yi dariya ya ce, "Sista, kullum muna roƙon Mulkin Sama ya zo. To in ya zo da mace mai naƙuda a bakin ƙofa, a lokacin ne zan tsaya juya mota?"

Ya kasance ba ya tambayar wanda ya ɗauko inda yake ibada. Ya kasance in ya kawo tsohuwa ba ta da kowa, shi ne ɗanta har a sallame ta.

Da amai da gudawa suka ɓarke a unguwannin bakin rafi, masu motocin haya suka ƙi ɗaukar kowa. Shi ya shiga lungu-lungu yana saɓo mutane a kafaɗa, shi ya riƙa wanke motar da hannunsa. Ya nemi safar hannu da takalmin roba, kwamiti ya ce za a duba. Ana cikin dubawa ciwon ya kama shi. Ni na sa masa ƙarin ruwa, jijiya tana guje mini. Ya buɗe ido ya ce, "Sista, daina kukan nan. Ni ma hancina yana kallon ƙofa."

Ban damu da inda yake ba, na san wanda ya tarye shi. Abin da ke ci mini rai a nan ƙasa yake. An sayo furanni, an sa hotonsa a gilashi, ga shi can ya yi kyau. Amma Mama tana zaune a tabarma tana karɓar gaisuwa aka shigo auna tagoginta, za a ɗinka wa sabon direba labule. A gaban yaranta aka yi.

Mama, kada ki ɗaure ko ƙunshi ɗaya. Yara, ku ɗaga kanku, ubanku bai bar muku abin kunya ba. Shugaba, kana layin gaba, kana ji na. Mu ma'aikatan asibiti ba mu son jin za a duba. Amsa muke jira yau, kafin a kwashe kujerun nan.

Mun gode wa duk wanda ya tako ya zo. Mu yi addu'a.

Ya Uba, ga bawanka ya iso. Ka ba shi masauki a gidanka, inda ba a cewa kowa ya kwashe kaya. Matarsa da yaransa kuwa a hannunmu ka bar su, kana kuma gani. Wanda zai iya kallon idon matar nan ya ce amin, to ya ce.