Gishirin da Na Zuba a Rijiyar Baba

Tunkiyar Inna aka sayar a kasuwar Gaya aka yi mini kuɗin mota zuwa Badun, zamanin ana kashe sule da sisi. Ku matso kusa, ku kuma rage dariyar nan, don ƙarshen labarin nan ba daɗi.

Baba yana da rijiya a ƙofar gidanmu a Kademi. Da hannunsa ya haƙa ta, rani biyu cur. Ruwa ya fito, amma zartsi. Ana sha, dabbobi ma suna sha, sai dai sabulu ba ya kumfa, wake kuwa ya wuni a wuta bai nuna ba. Matan unguwa suka sa mata suna Ɓata-sabulu. Baba yakan yi kamar bai ji ba, ni kuwa abin yana cina.

A Badun na sami aikin wanki a gidan wani Bature. Bayan kicin akwai wata doguwar tukunyar ƙarfe mai gyara ruwa, wai ita sofna. Ni Safiya nake ce mata, kuku ya yi ta ƙyaƙyata mini dariya. Ruwan rijiyarsu zartsi ne irin namu, amma da ya ratsa ta cikinta, ɗan sabulu kaɗan sai kumfa har gwiwar hannu. Duk mako ni ke zuba mata gishiri. Ran da na rage, don ina ganin almubazzaranci ne, matar gidan ta taso mini.

"Habu, wa ya sa ka yi mini tattali?"

"Uwargida, gishirin nan ai miyar unguwarmu ce ta shekara!"

"Unguwarku na ɗauka aiki ko kai?"

Wata rana mai gyaran famfo ya buɗe tukunyar, ya nuna mini wasu ƙwayoyi a ciki kamar ƙwan kifi. Ya ce, "Aboki, waɗannan ke kama zartsin. In sun ƙoshi, ruwan gishiri ya wanke su, ya bi kwata. Gishirin ba shi ke gyara ruwa ba."

Na ce a raina, mutanen birni ke nan, ɓoye mini asiri yake yi. Ni da nake zubawa da hannuna, in ga kumfa da idona? Taurin kai dai tun ina yaro ake faɗa mini.

Da zan dawo, abokan ci-rani suna sayen atamfa da rediyo, ni buhu biyu na gishiri na ɗauko. Na tara maƙwabta, na zazzage su a rijiya, ina ta cika baki. Washegari Baba ya ja guga, ya kurɓa. Bai tofar ba, haɗiyewa ya yi a gaban mutane.

Ya ce, "Habu, da zartsinta ma ai tana shayar da mu."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Kwana uku muna kwarfe ta ba hutawa, har gindinta ya zaftare, ta rufta. Na yi masa alkawarin haƙa wata in an yi girbi. Ya ce Allah Ya kai mu. Bai kai ba, kafin saukar damina ya kwanta, kwana tara Allah Ya karɓi abinSa.

Mutumin da ya shekara ashirin yana shayar da unguwa, ruwan da aka yi masa wanka sai da na ɗauki tulu na je gidan maƙwabta na yi sallama na roƙo.