Takobi a Kafaɗa

A tashar motocin zuwa Fika, wani dattijo da ya kawo saƙo ya leƙa wayar wata budurwa da ke jiran tashin mota, ya ga jarumi yana ta sara.

"'Yata, wa ya ɗaura masa takobi a ƙugu?"

"Ni ce, Baba. Gem ɗin waya nake haɗawa na yaƙin kakanni. Ai wasa ne, har ganuwa yake tsallakewa."

"Ya tsallake gajimare ma, ban damu ba. Amma kakana a kafaɗa yake rataya nasa. Jikokina ba sa sauraron labarina, abin da wayarku ta nuna suke yarda da shi."

"To ina zan ga irinsa?"

"Yana ɗakina a Ngojin, nan kusa."

Budurwar ta miƙe ta ce, "Direba, sauke mini jakata. Fika sai gobe."