Rubutun Bayan Kamiyona

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai ceto. Yau bakina ba zai yi shiru ba!

Sunana Iliya, direba ne ni, siminti nake ɗauka daga Malbaza. Wanda ya taɓa bin bayan kamiyona ya ga rubutu da jan fenti: ALLAH NA GANI. Matata Rahila ce ta sa aka rubuta shi a Konni. Shekara uku babu abin da na tsana kamar rubutun nan.

Dalili kuwa, ina shan tiramol. Na fara da ƙwaya ɗaya don ciwon baya, na wayi gari in ban sha ba ba na iya riƙe sitiyari. Cikin safa nake ɓoye ta. Ran Lahadi kuma ga ni a sahun gaba a majami'a, muryata ta fi ta kowa a waƙa.

Ni a lokacin, Allah kamar jandarma na ɗauke shi. Yana tsaye a shinge, ya san takardunka ba su cika ba, jira kawai yake ka iso. Na san shi mai tsarki ne, na san babu abin da ke ɓuya gare shi, shi ya sa nake gudunsa. Ku ji wauta: in ana wanke kamiyo sai in ce a bar bayan. Ƙurar siminti ta rufe rubutun, ni kuma na samu sauƙi, wai na rufe wa Allah ido!

Wata Talata da rana tsaka, na wuce Dogarawa da kaya cike, sai jikina ya sandare. Ban san abin da ya biyo baya ba.

Na farka a ƙasa, rigata jiƙe. Kamiyon ya bar kwalta, ya nutse cikin rairayin wata gonar gero ya tsaya cak. Gabansa kaɗan rijiya ce, mata cike da ita suna jan ruwa. Ko guga ɗaya bai taɓa ba.

Mai gonar, wani dattijo Musulmi, shi ya jawo ni waje, shi ke zuba mini ruwa daga butarsa. Na ɓata masa gero, ina jiran faɗa. Sai ya dafa kaina ya ce, "Sannu ɗana. Tashi ka yi godiya, yau Allah ya dube ka."

Maganar ta shige ni. Ya dube ni? Ashe yana gani, bai kuwa kama ni ba, tare ni ya yi!

A gidan likita aka ce ƙwayar ce ta jawo farfaɗiya. Da Rahila ta zo, na juya fuska bango. Na ce a raina yau aure ya ƙare. Na daure na ce, "Maman Saratu, akwai abin da ni ɓoye miki."

Ta ce, "Na cikin safa? Baban Saratu, wa ka wanke safar?"

Shekara uku ta sani! Na ce, "To shi ya sa kinka sa rubutun, don ki tsorata ni?"

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta ce, "Don kaina na sa shi. In ka tahi, ni ba ni ganin ka. Sai in ce, to, Mai gani shina tare da shi, in samu in yi kwana."

Nan na fashe da kuka, ƙato da ni, gaban masu jinya. Ta kama hannuna muka yi addu'a. Ban iya dogon zance ba. Na ce, "Uba, ga ni. Ka riga ka gani, na daina ɓuya."

Ba zan yi muku ƙarya ba, barin ƙwaya ba wasa ba ne. Na yi zufa, na yi amai, na zagi Fasto ranar da ya zo duba ni, washegari ya sake dawowa. Likita ya yi nasa da magani. Sau ɗaya na koma na sha. Amma wannan karon ban ɓuya ba, na faɗa wa Allah, na faɗa wa Rahila, muka sake tashi. Yau damina biyu ke nan ban taɓa ta ba. Halleluya!

Ga abin da na koya da jikina. Allah mai tsarki ne, bai taɓa cewa zunubina ƙarami ba ne. Ya san kome, har cikin safa. Shi ɗin dai kuma ƙauna ne, ya san kome bai tafi ba. Ya aiko Ɗansa saboda irina.

Na gode maka, Uba! Ɗan'uwa, ƴar'uwa, in akwai abin da kake rufewa, ka dogara gare shi ka buɗe yau. Idon da kake gudu shi ke tsaron ka.

Kamiyon yana nan bakin majami'a. In an tashi ku zagaya bayansa ku gani, da hannuna na wanke shi da safen nan.