Kwalabe Sittin na Ustaz Salahuddin

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Mai girma limamin masallacinmu, shugaban kwamitin unguwa, malaman jami'a da suka tsallako daga Umdurman, Hajja Awadiyya uwar gida, Ni'mat 'yar marigayi da ƙannenta, jama'ar unguwar Hajj Yusuf: assalamu alaikum. Ni ne Lawal Dauda, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana wanke wa Ustaz Salahuddin Jatau laka a rariya. Ku yi mini uzuri kan takardar nan da zan karanta. Sau huɗu na sake rubuta ta, hankalina bai kwanta ba.

Ya kasance ɗanmu, ɗan masu tsinkar auduga a yankin Jazira na nan Sudan, wanda ya yi karatu har ya san abin da ke ƙasan Bahar Maliya. Ya kasance mai zama lokacin da wasu suka tafi. Da masana suka watse ƙasashen waje, shi ma aka sallame shi daga aiki, irin sallamar da ba zan yi magana a kanta ba a nan, sai ya kwaso madubinsa mai ƙara girma ya kafa a ɗakin bayan gida. Masunta suka ci gaba da aiko masa da lakar bakin tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan, don ya duba ko man da wani kamfani ke zubarwa ne ke kashe musu wajen kamu.

A ƙa'ida, kowace tsutsa da ke cikin lakar sai an gano ainihin nau'inta. Aikin shekara ne, masu iya shi kuma sun tafi. Ustaz ya ce a ƙirga su dangi-dangi kawai. Ya ce inda mai ya zauna, dangin jajayen tsutsotsi kan yi yawa, dangin ƙananan jatan lande kan ɓace, kuma mako uku ya isa a ga haka.

Na ƙi. Ni ban shiga jami'a ba. A ƙananan littattafan da ake rabawa kyauta na koyi aikin, kuma babu wanda ya halatta wannan gajeriyar hanya a cikinsu. Na ce masa ha'inci ne. Na ɓoye kwalaben laka goma sha biyu, na yi wata tara ina bin ƙafafu da gashin kowace halitta. Da na kai masa sakamako, sai ga shi daidai da nasa, wanda masunta suka riga suka yi amfani da shi tun bara. Bai yi fushi ba. Ya juya takardun, ya ce: "Lawal, tsutsar ta gaya maka sunan kakanta kuwa?"

Ya kasance mai haƙuri da irina.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Kwalabe sittin na ƙarshe suna nan a ɗakin, ba a ƙirga ba. Sibirton da ke tsare su daga ruɓewa yana ƙafewa; jiya na auna, ya sauka yatsa biyu. Izinin sayen sibirto da sunansa yake, ya tafi da shi. Masunta kuma za su tsaya gaban hukuma kan maganar man kamfanin ƙarshen watan gobe, ba su da wata hujja sai wannan.

Hajja, na ji kin ce wa Ni'mat a kwashe su bayan sadakar yau. Kina da gaskiya. Kin sha warinsu shekaru, kin sha tambayar maƙwabta kan abin da ke cikin kwalaben. Amma ina roƙonki a gaban jama'a ki ba ni mako uku da mabuɗin ɗakin. Ba zan nemi wata tara ba. Dangi-dangi zan ƙirga, yadda ya koya mini na ƙi ji, kuma kwalba ta ƙarshe ni zan fitar da ita da hannuna.

Mun gode wa duk wanda ya taho, na kusa da na unguwannin Kalakla da Soba. Allah Ya jiƙan Ustaz Salahuddin, Ya yalwata kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya ba ni ikon gamawa kafin sibirton ya ƙare. Amin.