Zauren Malam Isma'ila da Darasin Nepal

Malam Isma'ila: Salamu alaikum. Ofishin Labaran ne? Kawunka ne, daga wayar gidan Alhaji Sule.

Labaran: Wa alaikumus salam! Allah gafarta Malam, an tashi lafiya? Ya Unguwar Kanawa?

Malam Isma'ila: Alhamdu lillahi. Ya gajiyar tafiya? Ya Maimuna da yara?

Labaran: Duk lafiya. Ya ƙafar Inna Hansai?

Malam Isma'ila: Da sauƙi. Ɗaga murya, layin yana ƙara. Wace ƙasa ce ma gwamnati ta aike ka?

Labaran: Nepal, Kawu, can saman Indiya. Mun je koyon adana kayan tarihi. Kawu, ka ga duwatsu! Ƙanƙara a kansu rani da damina.

Malam Isma'ila: Tsarki ya tabbata ga Mahaliccinsu. To, dalilin kirana...

Labaran: A birninsu Katmandu akwai ɗakunan ibada na katako, sassaƙaƙƙu, shekara ɗaruruwa, ba mai taɓa ko ƙusa. Har karkanda an ware mata dajinta, da masu gadi! Wallahi sai da na yi hawaye. Mu ba mu san darajar abin kakanni ba.

Malam Isma'ila: Madalla da wannan hawaye. To, jiya wasu suka zo da jan fenti suka shafa wa zauren mahaifina. Zauren da kakanka ya gina da hannunsa, inda kai kanka ka sauke Alƙur'ani.

Labaran: Af! Ai rahotona ne aka karɓa. Za a gina Ofishin Adana Kayan Tarihi, hawa biyu.

Malam Isma'ila: A ina?

Labaran: A nan ɗin. Kwamiti ya ce a nemi wuri mafi tarihi a unguwar, ni kuwa na ce ba kamar zaurenmu. Karramawa ce, Kawu.

Malam Isma'ila: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Shi zauren fa?

Labaran: An ɗauki hotonsa. Za a rataya a ofishin, da sunan Kaka a ƙasa.

Malam Isma'ila: Su mutanen Nepal, hoton dutsen suka nuna maka, ko dutsen?

Labaran: Ai su nasu na katako ne, namu na laka. Kuma akwai lokaci, sai ranar Talata za a fara aikin.

Malam Isma'ila: Yau ce Talata, Labaran.

Labaran: Yau? Kai, tafiyar jirgi ta rikita mini kwanaki.

Malam Isma'ila: Dakata. Wannan rugugin da nake ji tun muna gaisawa, daga wajenka ne?

Labaran: A'a, nan shiru.

Malam Isma'ila: Ashe ba layi ba ne. Katafila ce! Littattafan mahaifina suna ciki! Alhaji Sule, takalmana!

Labaran: Kawu, in tsohuwar ƙofar ba ta karye ba, a ajiye mana, za mu sa ta a gilashi. Kawu? Halo? Halo?